Ruwan Famfo da Kifin Gilashi: Tarihin Wata 'Yar Kwalba

A shekarar 1849 wani masanin sinadarai a birnin Landan, Robert Warington, ya ɗauko babban tulun gilashi mai cin kimanin galan 12, ya shimfiɗa yashi da laka a gindinsa, ya zuba ruwa, ya dasa ciyawar ruwa, sannan ya saki 'yan jajayen kifaye biyu irin na ƙasar Sin. Da tsofaffin ganyayen ciyawar suka fara ruɓewa, ruwa ya dagule, sai ya ƙara dodon koɗi biyar ko shida. Suka cinye ruɓaɓɓen, ruwa ya washe. A 1850 ya kai rahoto gaban ƙungiyar masana sinadarai ta Landan, inda ya nuna cewa tsiro yana ba kifi iskar numfashi, kifi yana ciyar da tsiro da abin da yake fitarwa, dodon koɗi kuma yana shara, har a yi watanni ba a canja ruwan ba. Bayan shekara uku gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifaye domin 'yan kallo, a 1854 kuma Philip Henry Gosse ya wallafa littafin da ya yaɗa kalmar akwariyam. Gilashi ya riga ya yi araha tun da aka soke harajinsa a 1845, don haka ajiye kifi a falo ya zama yayi a gidajen masu hali.

Mutanen wancan zamani sun sha wahala da kifayensu. Rana takan yi yawa gansakuka ya rufe gilashi, iska takan ƙare, cunkoso ya kashe na kashewa. Amma ruwan da suke ɗebowa a rijiya ko kogi ko famfon unguwa bai taɓa zama abin tsoro ga kifi ba. Mutane yake kashewa. A shekarar da littafin Gosse ya fito, kwalara ta hallaka fiye da mutum 600 a unguwar Soho, likita John Snow kuma ya bi sawun annobar har zuwa famfon titin Broad Street. Matakin da birane suka ɗauka daga baya domin raba jama'a da irin wannan mutuwa shi ne ya mayar da ruwan famfo guba ga kifi, kuma daga nan ne aka samo 'yar kwalbar da ke jere a kowane shagon kifin ado a yau, wadda ake ɗiga wa sabon ruwa kafin a zuba shi a tanki. Kwalaben suna da yawa, alkawuran da ke jikinsu sun fi su yawa. Wanda ya san yadda kowace matsala ta shigo cikin ruwan, da lokacin da ta shigo, ba zai sha wuyar gane wadda yake bukata ba.

Sinadarin kulorin tsohon sani ne. Carl Wilhelm Scheele ya samo shi a Suwidin a 1774, Humphry Davy ya raɗa masa suna a 1810, masaƙu da masana'antun takarda suka daɗe suna faranta kaya da shi. Sai da aka tabbatar cewa ƙwayoyin cuta ne ke haddasa kwalara da taifot kafin a fara zuba shi a ruwan shan birane. A 1905 taifot ta ɓarke a garin Lincoln na Ingila, fiye da mutum dubu suka kamu, fiye da ɗari suka rasu, aka kira Alexander Houston ya sa wa ruwan garin kulorin har annobar ta lafa. Amma abin da ya sauya al'amarin baki ɗaya ya faru ne a Amurka, kuma a gaban kotu. Birnin Jersey City ya kai ƙarar kamfanin da ke ba shi ruwa bisa zargin saɓa yarjejeniyar kawo ruwa mai tsabta. Likitan da ke ba kamfanin shawara, John L. Leal, ya ƙi bin hanya mai tsada da aka zata, ya sa injiniya George W. Fuller ya gina masa wurin zuba garin kulorin a madatsar Boonton. Ranar 26 ga Satumba, 1908, aka fara, ba tare da an nemi yardar mazauna birnin ba. Kotu ta amince da tsarin daga baya, cikin 'yan shekaru kuma biranen Amurka suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, taifot ta yi ta ja da baya. Da wuya a nuna wani matakin kiwon lafiya da ya ceci rayuka masu yawa haka da kuɗi kaɗan haka.

Kifi ne bai ci ribar ba. Mutum yana shan lita biyu ko uku a yini, ɗan kulorin da ke ciki kuma yana mutuwa tun a baki da ciki, da zarar ya haɗu da miyau da abinci. Kifi kuwa a cikin ruwan yake numfashi. Dare da rana yana tura ruwa ta kan mashaƙarsa, jajayen tsokar nan masu laushi da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa, inda abin da ya raba jini da ruwa fata ce da ta fi bayan albasa sirantaka. Kulorin yana ƙone wannan fata kamar yadda yake ƙone ƙwayar cuta. Kifin yakan taso sama yana haki, ko ya kwanta a ƙasa, ya mutu da ƙishin iska alhali iskar tana nan. Alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka sun nuna girman tazarar: ta yarda ruwan sha ya ɗauki kulorin har miligiram 4 a kowace lita, amma a kogin da halittu ke rayuwa, iyakar da ta gindaya ta dogon lokaci ita ce miligiram 0.011. Tazarar ta haura ninki 300. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a iske aƙalla miligiram 0.2 a bakin famfo domin kare mai sha, wannan mafi ƙarancin ma ya ninka abin da kifi zai jure sau da yawa.

Masu kiwon kifi na farkon ƙarni na ashirin sun samo mafita ba tare da sun kashe ko sisi ba. Kulorin zalla ba ya zama. Idan aka tara ruwa a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ɗaya ko biyu, musamman in ana motsa shi ko ana hura masa iska, ko rana ta taɓa shi, sai ya salwance. Kwanannen ruwa ya zama ƙa'ida, littattafan kiwon kifi suka yi ta maimaita ta, iyaye suka koya wa 'ya'ya. Mai gaggawa kuwa, ko mai babban tanki da ba shi da inda zai jera bokitai, yakan nufi shagon masu hoto.

Dalilin zuwansa can yana da nasa labarin. A 1819 John Herschel, masanin taurari kuma masanin sinadarai, ya gano cewa wani gishiri, sodiyam tayosalfet, yana narkar da gishirin azurfa. Binciken ya yi shekara ashirin ba a san amfaninsa ba. A 1839, lokacin da masu ƙirƙirar ɗaukar hoto ke fama da hotunan da ke baƙaƙewa da zarar haske ya taɓa su, Herschel ya nuna wa William Henry Fox Talbot cewa gishirin yana wanke ragowar azurfar da haske bai taɓa ba, hoto ya tsaya. Daga nan ya zama kayan aikin kowane ɗakin wankin hoto, masu sana'ar suka gajarta tsohon sunansa zuwa haipo. Masu yin takarda da tufafi su ma sun riƙe shi don wani dalili dabam: bayan an faranta kaya da kulorin, ragowarsa takan ci zaren, haipo kuma yana kashe ta nan take. Wannan hali nasa ne ya kai shi fagen fama. Ranar 22 ga Afrilu, 1915, sojojin Jamus suka saki iskar kulorin a kan abokan gabarsu kusa da Ypres a Beljiyam. Cikin makonni Birtaniya ta fara raba wa sojojinta hular ƙyalle mai rufe kai duka, wadda wani likita ɗan Newfoundland, Cluny Macpherson, ya ƙirƙiro, an jiƙa ta da ruwan haipo. Gishirin da ya kare huhun soja a ramin yaƙi shi ne a cikin kwalabe mafi araha na shagon kifi har gobe. Yana mayar da kulorin ya koma kulorayid, irin wanda ke cikin gishirin miya, cikin daƙiƙu, 'yan ɗigo kaɗan kuma sun ishi bokiti.

A nan akwai tarko ga mai saye a Nijeriya. Sunan Hypo a kasuwannin ƙasar na ruwan wanki ne mai faranta kaya, wanda shi kansa kulorin ne, sodiyam haipokulorayit. Shi da haipon masu hoto kishiyoyi ne, ɗaya yana kashe ɗaya. Murfi guda na na-wankin ya isa ya share tanki.

Da a ce tarihin ya tsaya nan, da zaɓi bai zama abin tattaunawa ba. Amma rashin zaman kulorin, wanda ya yi wa mai kifi daɗi, ciwon kai ne ga injiniyan ruwa, domin ruwan da ya bar matata da kariya yakan isa unguwannin ƙarshen bututu babu ita. Tun a 1916 a Ottawa ta Kanada, da 1917 a Denver ta Amurka, aka gwada haɗa kulorin da ɗan amoniya. Haɗin yana ba da sinadarin kuloramin, wanda bai kai kulorin zafi ba amma ya fi shi daɗewa, kuma warinsa kaɗan ne. Ya bazu a shekarun 1930, ya ja baya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da amoniya ta yi wuya. Sai a 1974 Johannes Rook, masanin sinadarai a hukumar ruwan Rotterdam ta ƙasar Holan, ya wallafa abin da ya girgiza sana'ar: kulorin yana haɗuwa da ruɓaɓɓen ganye da sauran dattin tsirrai da ke narke a ruwan kogi, ya haifar da kulorofom da danginsa, waɗanda daga baya aka zarga da alaƙa da ciwon daji. Amurka ta sa wa waɗannan sinadarai iyaka a 1979, ta ƙara tsaurara ta a 1998. Hanya mafi sauƙin bin dokar ita ce komawa ga kuloramin, wanda ba ya haifar da su da yawa. Birane suka yi ta komawa. Washinton ta sauya a 2000, San Francisco a 2004, har hukumar kare muhalli ta ce fiye da mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar irin wannan ruwa yake sha.

Duk sanarwar da hukumomin ruwa kan fitar gabanin irin wannan sauyi takan ambaci rukuni biyu: masu kifi da masu wankin ƙoda. Haɗa su a jimla ɗaya ba wasa ba ne. Majinyacin da ke kan injin wankin ƙoda, jininsa yana gogayya da ruwa sama da lita 100 a zama guda, ta bayan wata siririyar fata ta roba. Halinsa ɗaya da kifi a wannan sa'o'i. Tun a shekarun 1970 likitoci suka lura cewa kuloramin yana ratsa fatar ya shiga jini, ya fasa jajayen ƙwayoyinsa, ya lalata sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi. Abin da yake yi wa kifi ke nan ta mashaƙarsa. Asibitoci suka kare kansu da manyan matatan gawayi. Masu kifi kuwa da yawa sun ji labarin ne daga bakin tankinsu, domin kuloramin ba ya tashi da kwana ɗaya ko biyu. Yakan yi kwanaki masu yawa, har makonni, a bokitin da aka ajiye. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kwanar da ruwa, kamar yadda ya gada, sai ya wayi gari ƙa'idar ta daina aiki, alhali ruwan bai canja kala ko ɗanɗanon da zai faɗakar da shi ba.

Haipo ma rabin aiki yake yi. Yana raba kuloramin gida biyu, ya kashe ɓangaren kulorin, ya saki amoniyar a cikin ruwa. Ruwa mai miligiram 2 na kuloramin a lita yakan bar kusan miligiram 0.4 na amoniya, idan aka auna ta da naitirojin da ke cikinta. Haɗarin wannan adadi ya dogara da halin ruwan. Amoniya tana zama a siffa biyu, mai guba da mai sauƙi, kuma ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa, shi ke raba su. A zafin digiri 25, idan pH yana kan 7, mai gubar kusan rabin kashi ɗaya ce cikin ɗari. Idan ya hau 8, ta haura kashi 5. Hawa ɗaya a ma'auni, ninki goma a guba, zafi kuma yana ƙara ta.

Tsohon tanki yana da masu gadinsa. A cikin soson matacinsa da tsakuwar gindinsa akwai ƙwayoyin bakteriya, dangin waɗanda Sergei Winogradsky ya bayyana aikinsu wajen 1890, da ke cin amoniya su mayar da ita naitirayit, wasu kuma su mayar da wannan naitiret mai sauƙin illa. Su ne ainihin abin da ke riƙe da rayuwar tanki, kuma Warington bai san da su ba lokacin da yake yaba wa ciyawa da dodon koɗi. Inda suka kafu, ɗan amoniyar da haipo ya saki bayan an canja rubu'in ruwa ba ya daɗewa. Inda ba su kafu ba, a sabon tanki, ko inda aka canja ruwa mai yawa lokaci guda, ko inda aka wanke soson da ruwan famfo kulorin ya kashe su, nan ne ake asara. Saboda wannan giɓi aka fito da kwalabe na zamani na biyu a shekarun 1980, masu kashe kulorin su kuma kama amoniyar. Fitaccen misali shi ne AmQuel na kamfanin Kordon, wanda aka gina kan wani gishirin salfa da ke ɗaure amoniya. Prime na kamfanin Seachem ya shahara a wannan rukuni daga baya. Irin waɗannan ba sa fitar da amoniya daga tanki, riƙe ta suke ikirarin yi na ɗan lokaci kafin bakteriya su cinye ta. Aikinsu a kan kulorin ba shi da jayayya. Ƙarfinsu a kan amoniya kuwa masu kiwo da suka auna da na'urori sun daɗe suna muhawara a kai, don haka ba a ɗora wa kwalba nauyin da matacin da ya kafu ya kamata ya ɗauka. Suna kuma ruɗa tsohon gwajin amoniya na Nessler, ya nuna adadin da ba shi ne ba.

Sauran abin da ake rubutawa a jikin kwalabe ya fi kusa da kasuwanci, ko da yake ba duka ba. Batun ƙarafa gaskiya ne. Ruwan da ya kwana a bututun jan ƙarfe yakan ɗebo kaɗan daga jikinsa, abin da kifi zai iya jurewa ya kashe jatan lande da dodon koɗi. Washinton ma ta ga yadda sauya sinadari ke taɓa bututu: bayan ta koma kuloramin, dalma ta fara narkewa daga tsofaffin bututu zuwa famfunan gidaje, abin da ya fito fili a 2004. Wasu kwalaben suna ɗauke da sinadarin EDTA ko makamancinsa, mai rungume ƙarfen ya hana shi cutarwa, ko da yake ƙarfen yana nan a ruwan. Ruwan alobera da sauran abubuwan da ake cewa suna gyara yauƙin jikin kifi kuwa, lafiyayyen kifi a ruwa mai kyau shi ke yin yauƙinsa. Yawancin kamfanoni ba sa bayyana abin da suka zuba, don haka abin dubawa shi ne ko an rubuta kuloramin ƙarara, da yawan litar da murfi ɗaya ke gyarawa, domin nan ne ainihin farashin yake. Zuba fiye da ƙima ba ƙarin kariya ba ne, tunda waɗannan sinadarai suna cin iskar numfashin da ke ruwa idan ba su sami kulorin da za su ci ba.

Duk wannan tarihi na biranen da famfo ke zuba kullum ne, kuma hukumar ruwa ke wallafa abin da ta sa. Mai tanki a Kano ko Kaduna ko Yamai, da mai ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwaɗa, lissafinsu dabam ne. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kulorin, kwalbar ba ta da abin yi a cikinsa. Abin da ya fi bukata shi ne a hura masa iska, domin daga ƙarƙashin ƙasa yakan fito da ƙarancinta. Ruwan hukuma da ya yi kwanaki a tankin sama sau da yawa ya riga ya rabu da kulorinsa. Na jarkar ɗan ga-ruwa ba a san asalinsa ba sai an tambaya. Alif da ake jefawa a randa laka yake kwantarwa, ba ya taɓa kulorin. Sannan yanayi yana sauya komai: da damina, idan aka ji ɗuriyar amai da gudawa, ma'aikatan lafiya sukan zuba kulorin a rijiyoyi su raba ƙwayoyin tsabtace ruwa, mazubin da bai taɓa cutar da kifi ba ya zama mai kisa cikin yini guda. Kuma ko hukuma ba ta sa amoniya ba, kulorin da ya gamu da ƙazantar da ta kutso ta fasasshen bututu yakan koma kuloramin da kansa.

Hanyar ganewa ta girmi yawancin kwalaben. A 1957 Arthur Thomas Palin, masanin sinadarai na wani kamfanin ruwa a Ingila, ya fito da gwajin DPD, wanda masu kula da wuraren ninƙaya ke amfani da shi har yau. Ana jefa ƙwaya ta farko a ɗan ruwa, in ya yi ja-ja akwai kulorin zalla. Ana ƙara wata ƙwayar a kan wannan ruwan, in launin ya ƙara turuwa, ƙarin nan kuloramin ne. Idan ta farko kaɗai ta ba da launi, haipo mafi araha ya wadatar, ko ma bokiti da haƙurin kwana biyu. Idan ta biyun ta ƙara, ana bukatar kwalbar da ta ambaci kuloramin da amoniya, tare da mataci mai rai da canjin ruwa kaɗan-kaɗan. Idan duka biyun sun bar ruwan fari tas, kuɗin kwalbar ya fi amfani a wajen mai sayar da injin hura iska.